Ranar da Sai-Gobe Ya Tura Aikinsa

Sai-Gobe suke ce masa a ofis, kuma ba zaluntarsa aka yi ba, da bakinsa ya sayo sunan. Duk yamma in ana haɗa jaka aka tambaye shi, "Ka tura?" sai ya sosa ƙeya ya ce, "Sai gobe, saura ɗan gyara." Goben nan ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa, har wata ya mutu wani ya kama, aikin bawan Allah bai bar cikin kwamfutarsa ba.

Kamfanin nasu ƙarami ne, a hawa na sama na wani dogon gini, masu rubuta manhajar da kantunan magani ke lura da kayansu da ita. A ɗakin baya akwai wata na'ura da ke kwana cikin sanyi kamar 'yar gata, ita suke kira rumbu. Kowa yana rubuta nasa a kwamfutarsa, in ya yi ɗan abin kirki sai ya ƙulle shi, ya rubuta ɗan bayani a kan ƙullin, ya tura rumbu. Da safe kuma kowa ya jawo abin da 'yan'uwa suka zuba, a ci gaba daga nan. Abin da ya shiga rumbu ya tsira. Abin da ke cikin kwamfutarka kuwa, kai da Ubangijinka.

To amma rumbun nan yana da baki. A bangon ofis an kafa wata ƙatuwar talabijin, duk wanda ya tura abu sai ta yi ƙararrawa, ƙilin, ta baje sunansa da duk bayanan da ya rubuta a kan ƙulle-ƙullensa. Kowa ya ɗaga kai ya karanta. Daga nan aikin ya faɗa hannun Jan Biro.

Jan Biro ita ce babbar mai duba aiki, wata gajeriyar mata mai tabarau a goshi, wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, don ba ta bukata. A bayan idonta ake kiranta haka, a gabanta kuwa Anti. Farkon zuwan Sai-Gobe ya tura aikinsa yana washe baki, ta mayar masa da shi da gyara ya fi aikin yawa, a ƙasa ta rubuta, "Ka karanta wannan kafin ka turo, ko ni ka bar wa?" Tsinke, maƙwabcin teburinsa, wani siririn mutum mai bakin tsiya, ya karanta wa ofis da ƙarfi har da kwaikwayon muryarta. Tun ranar Sai-Gobe ya rantse a ransa ba mai sake ganin aikinsa sai ya yi kyan da ba a samun inda za a sa jan biro. Kun san kuwa ba a haifi wannan aikin ba tukuna.

Sashen da aka ba shi shi ne mai gargaɗin mai kanti in magani ya kusa lalacewa. Kuma har yanzu gwaji yake, ba a tabbatar da shi ba. Wata yamma Oga ya ja shi gefe ya ce masa washegari yake son ganin abin da ya yi, daga nan za a san ko kujerar tasa ce ko a nemo wani.

A safiyar ranar ne mahaifiyarsa, wadda ta zo musu kwana biyu ganin likitan ido, ta fito falo ta tarar da kwamfutar a buɗe a kan teburin cin abinci, mai ita ya shiga wanka. Mama irin matan nan ne da in sun ga datti sai jikinsu ya hau ƙaiƙayi. Ta duba ta ga maiƙo a kan maɓallai, ɓurɓushin biskit a tsakaninsu, ga shatin yatsu a fuskar. Ta yi tsaki. Ta kawo ruwan kumfa a roba da soso, ta bi ta lungu-lungu, ramukan gefen nan ma ta samo tsohon buroshin haƙori ta zurzura musu.

Ya fito da tawul a wuya ya same ta tana tsane ta da gefen zani.

"Mama! Me kika yi?"

"Me na yi kuwa, Auta? Abin da matarka ta kasa. A haka kake shiga da ita cikin mutane?"

Matar tasa ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ga robar kumfa, ta ga fuskar mijinta, ta ce a hankali, "Mama, ai ba a wanke ta." Ta koma ciki da sauri, kafaɗunta na rawa. Allah kaɗai ya san ko kuka take.

"Ba a wanke ta? Shi ya sa take wari."

Kwamfutar ba ta mutu ba. Fuskarta dai ta riƙa ƙiftawa kamar mai jin barci. Ya soka caja, shiru. Ya canza soket, ya hura ramin, ya sake sokawa, alamar batir ba ta ko motsa ba, tana nan ƙasa da rabi. Wata guda da 'yan kai na aikinsa, ba shi a rumbu, ba shi a ko'ina, yana cikin abin da aka yi wa wanka da soso.

Ko maɓallin rigarsa bai gama sawa ba ya fita da ita a buɗe, ya nufi mai gyara da ke ƙarƙashin matattakalar wani shago a bakin titi. Mai gyara ya ajiye kofin shayinsa, ya karkata ta, wani ɗigon kumfa ya fito daga ramin caja ya sauka a kan teburinsa.

"Faɗawa ta yi a ruwa?"

"Wanke ta aka yi."

"Yara ko?"

"Tsohuwata."

"Allah ya ƙara mata lafiya," in ji mai gyara. Ya soka ɗan fulash na kwafar aiki a wannan rami, ya soka a wancan, kwamfutar ba ta san ana yi ba. "Ramukan duk sun tafi. Ruwa yana ciki yana aikinsa."

"Ka buɗe ta ka ciro min inda take ajiya mana."

"Irin wannan ba a cirowa, a manne yake da uwar injin. Maigida, gaskiya zan faɗa maka, kar ka rufe ta, kar ka bari ta yi barci. In ta mutu ban ce za ta tashi ba. Duk abin da kake so a ciki, ka kwashe shi yanzu tana da rai."

Kwashewa kuwa hanya ɗaya ce. Kamfani ya toshe kwamfutocinsa, ba sa aika komai waje sai rumbu, rumbun kuma ba ya amsa kowa sai wanda ke cikin ofis. Sai-Gobe ya rage hasken fuskar har da ƙyar ake gani, ya tari tasi, ya shiga baya ya ɗora ta a cinya a buɗe, yana ɗan shafa ta da yatsa kada ta yi barci, kamar mai jinyar da aka ce kar ya bar majinyaci ya rufe ido.

Wata mata mai kwandon kasuwa da ke gefensa ta miƙo wuya. "Fim ne? Ɗan ƙaro haske mu gani."

"Aiki ne, Hajiya."

"Aiki a mota? Kai dai matarka na shan fama."

A mararraba suka tarar da cunkoso, wata babbar mota ta lalace a tsakiyar hanya. Direba ya kashe inji ya kunna rediyo. Sai-Gobe yana kallon alamar batir tana ramewa, tana ramewa, gumi na bin bayansa. Ya tuna ranakun da Tsinke ke ce masa, "Tura mana, ko ɗanye ne," yana cewa sai gobe. Ya tuna yadda zai tsaya gaban Oga da hannu biyu ba komai, ya ce wallahi na yi, wanke shi aka yi. Wa zai yarda? Shi kansa da wani ya faɗa masa dariya zai yi. Da ya ga motar ba ta da niyyar motsi sai ya sauka, ya ƙarasa da ƙafa, yana riƙe da kwamfutar a gabansa kamar mai tallan ƙwai, mutane na kauce masa.

Ya shiga ofis yana haki. Alamar batir ta riga ta yi ja. Oga da Jan Biro da sauran manya suna cikin ɗakin gilashi suna mitin, ana ganinsu ba a jin su. Tsinke kaɗai ne a wajen tebura, yana juyi a kujera.

"A'a, ango, wa ya biyo ka?"

"Kwamfutata za ta mutu. Turawa zan yi."

Tsinke ya dafe ƙirji. "Yau? Ba gobe ba? Bari in kira 'yan jarida."

Sai-Gobe bai kula shi ba. Ya zauna, ya jira ta kama layin intanet na ofis, ta yi ta lalube kamar makauniya sannan ta kama. Ya ƙulle ragowar abin da bai ƙulle ba. Maɓallan sun yi danƙo da sabulu, sai ya danna da ƙarfi suke shiga. Ya rubuta umarnin turawa zuwa babban reshe, inda aikin kowa yake haɗuwa, ya danna.

Rumbu ya ƙi.

Ya sake turawa, rumbu ya sake ƙi. Rubutun ya fito ɓaro-ɓaro: mutane sun yi gaba sun bar ka, ka fara jawo nasu ka haɗa da naka tukuna. Tsinke ya gangaro da kujerarsa ya leƙa, dariyar ta ɗan ragu a fuskarsa.

"Yaushe rabonka da jawowa?"

Sai-Gobe ya sosa ƙeya.

"Innalillahi. To in ka jawo yanzu karo za su yi ta ko'ina, naka da namu. Sai ka zauna ka bi layi-layi kana raba faɗa, ka kai la'asar. Wannan kuwa," ya nuna jan batirin da haɓa, "ko shayi ba za ta jira ka sha ba."

Fuskar kwamfutar ta ɗauke, ta dawo. Zuciyar Sai-Gobe ta ɗauke tare da ita.

Tsinke ya waiga ɗakin gilashi, ya rage murya. "Tura na dole kawai. Kalma ɗaya za ka ƙara, rumbu ya yi shiru ya karɓa. Ai ba a kulle hanyar ba, Oga kullum cewa yake zai kulle."

Turin dole, in ba ku sani ba, shi ne ka ce wa rumbu ya zubar da abin da ke cikinsa ya ɗauki naka a madadin. Duk abin da 'yan'uwa suka zuba tun rabonka da jawowa, ya bi ruwa.

"Aikin mutane fa?"

"Kowa yana da nasa a kwamfutarsa, su sake turawa. A yi ɗan surutu a wuce. Kai kuma ka ce kuskure ne, sabo ne kai."

Sai-Gobe ya rubuta kalmar. Wallahi ya rubuta ta. Yatsansa na kan babban maɓallin sai idonsa ya faɗa kan teburin da ke kallon nasa. An share shi tas, ba kofi, ba ɗan matashin da ake jingina baya. Teburin Mai Ciki ne, wadda tun zuwansa take aiki da kumburarrun ƙafafu a kan kwali, take kuma raba masa biskit ba ta taɓa tambayarsa ko ya tura ba. Jiya ta yi sallama ta tafi hutun haihuwa. Sashen rasit da ta yi makonni tana fama da shi, sai da za ta fita ta tura, ana mata tafi.

"Ina kwamfutarta?"

"An goge, sabon ma'aikaci za a ba." Tsinke ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa.

"Ka jawo yau?"

"Ban jawo ba tukuna. Su ma daga zuwa mitin suka shiga." Ya sosa hanci. "Ƙila dai wani ya jawo. Ko a iya tono shi daga baya, an ce ana iyawa."

"Ƙila."

"To ni me na sani? Kai ne kujerarka ke rawa, ba ni ba."

Wani ɗan akwati ya fito a fuskar kwamfutar yana gargaɗin ta kusa kashe kanta. Sai-Gobe ya kore shi.

Akwai hanya ta uku, kuma kada ku ɗauka bai san ta ba. Tun a tasi ya san ta, yake kauda kai kamar wanda ya hango surukinsa a layin da bai dace ba. Sai ya buɗe sabon reshe nasa shi kaɗai, ya tura komai can yadda yake. Ba karo, ba a taɓa na kowa, rumbu zai karɓa nan take. Sai dai a ofis ɗin nan sabon reshe kai tsaye teburin Jan Biro yake zuwa da sunan a duba, talabijin kuma ta jera duk bayanan ƙulle-ƙullensa manya-manya, daga na fari har na ƙarshe. Turin dole layi ɗaya yake nunawa ya wuce. Shi kuwa da yake ya ɗauka zai share su kafin kowa ya gani, abin da ya ga dama ya riƙa rubutawa. Ga aikin kansa rabi a ɗinke rabi a warware. Ga talabijin tana kallon ɗakin gilashi sosai.

Ya goge kalmar dole, harafi-harafi, maɓallin gogewar na liƙewa. Ya buɗe reshe. Wajen suna ya rasa abin sawa, ya rubuta ɗanye. Ya danna babban maɓallin, bai shiga ba. Ya danna da babban yatsa har teburin ya motsa.

Lambobi suka fara hawa. Suka hau, suka hau, suka tsaya. Tsinke ya miƙe tsaye bai sani ba. Sai-Gobe yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Lambobin suka ɗan ƙara gaba. Fankar cikin kwamfutar ta yi wani gurnani, fuskar ta yi fari, ta yi baƙi.

Ya danna maɓallin kunnawa. Ya sake dannawa ya riƙe. Ba abin da ya gani sai fuskarsa a cikin baƙin gilashi, rigarsa a karkace.

"Ya shiga?" in ji shi.

Tsinke bango yake kallo. Talabijin na nan da hoton jiya, sunan Mai Ciki da sashen rasit. Na'urar sanyaya ɗaki na ta hurawa. A cikin gilashi Oga na nuna wani abu da biro.

Ƙilin.

Kawunan ɗakin gilashi suka juyo gaba ɗaya. Sunansa ya fito, a ƙasa bayanan suka fara gangarowa ɗaya bayan ɗaya. "Farko da bismillah." "Gyara." "Gyaran gyaran jiya." "Ban san me ya sa yake aiki ba, kar a taɓa." "Na taɓa." "Allah ka rufa asiri." Wani a cikin gilashi ya kife kansa a tebur. Sai ga na kusa da ƙarshe ya tsaya a tsakiyar bango, kamar da gayya: "In Jan Biro ta ga wannan na mutu."

Tsinke ya koma kujerarsa a hankali ya kama aikin da ba shi da shi.

Ƙofar gilashi ta buɗe. Jan Biro ta fito, ta sauko da tabarau daga goshi zuwa ido, ta karanta bangon tun daga sama har ƙasa ba gaggawa. Ta zo ta tsaya a kansa. Ta kalli mushen kwamfutar, ta ɗan sunkuya ta shinshina.

"Sabulun wanke-wanke?"

"Eh, Anti. Mahaifiyata ce."

"Ka ga ta fi ka son a ga abu da tsabta, amma ita ba ta ɓoye nata ba." Ta nuna bango. "Wata nawa ke nan?"

"Ɗaya da wani abu, Anti."

"Babban reshe ya ƙi ka?"

"Ya ƙi."

"Sai ka buɗe sabo." Ta ɗan dube shi ta saman tabarau, ta dubi ƙeyar Tsinke wadda ta yi tsit fiye da kima. "Jawo kujera. Tunda ka ce ka mutu, bari mu ga gawar."

Oga ya leƙo yana tambaya ko za a nuna masa abin yau. Ta ce ba yau ba, ba kuma wannan makon ba, ya kuma je ya kulle turin dole yanzu-yanzu tana kallo. Oga ya ɓata rai, ya ce wa Sai-Gobe gwajinsa ya ƙaru da wata guda, kwamfutar kamfani kuma za su yi maganarta. Sai-Gobe ya ce ya gode, kuma har ransa ya gode.

Suka zauna a teburinta har rana ta karkata. Ta buɗe aikinsa a tata kwamfutar, ga shi nan duka, har layin da ya rubuta da safe kafin ya shiga wanka. Ta bi shi da ja. Ta ce wannan sunan banza ne, wannan an maimaita shi, wannan ko makaho ya ga zai fashe ranar da wata ya zo da ashirin da tara. Da suka iso wajen da ya rubuta kar a taɓa, ta daɗe tana kallo.

"Wa ya nuna maka wannan?"

"Ba kowa, Anti. In cire?"

"Na ce ka cire? Bar shi. Ƙashin yana da kyau, naman ne ya yi wari don ka rufe shi ba iska." Ta ci gaba da ja. "Kuma Jan Biro ɗin, ba ku kuka fara ba. Tun kafin a yaye Tsinke ake kirana haka."

Wayarsa ta yi ƙara. Mama ce. Ya so ya kashe, Jan Biro ta ce ɗauka, uwa ce.

"Auta, ka isa lafiya? Sun ga yadda ta yi fes?"

"Sun gani, Mama. Kowa ya gani."

"To ka gani. Ta matarka ma na hango a ɗaki, bari in gama da labule."

Ya miƙe zumbur ya fita baranda yana kiran lambar matarsa.

Da aka tashi, an ba shi wata tsohuwar kwamfuta ta aro mai fashewar kusurwa, ya ɗan gyara biyu daga cikin jajayen. Yana zura ta a jaka Jan Biro ta wuce ta bayansa da makullin mota a hannu, ba ta ko tsaya ba.

"Ka tura?"

Hannunsa ya tafi ƙeya. Bakinsa har ya buɗe. Tsinke ya juyo da kujera gaba ɗaya yana jira.

Sai-Gobe ya zaro kwamfutar daga jaka, ya koma ya zauna.